Na-Sama da Na-Ƙasa

Zuwa ga uwar 'ya'yana, ƙanwar ogana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, yara suna lafiya, Inna ma ta ji sauƙin ƙafar nan tata. Idan kin tambaye ni, ina nan kalau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar ɗakinmu. Yayanki ma lafiyarsa lau, yana gaishe ku.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya same ni da wasiƙa alhali ga waya a aljihuna. To, kin san yadda kwantenar da muke kwana take. Gadona a nan, na Yaya a can, tsakaninmu akwatin kayan aiki kawai. Ko tari na yi sai ya ce mini sannu. Ke kuma ba ki iya amsa waya ba sai kin buɗe murya kowa ya ji, Inna na gefe tana gyara mini magana. Direban tirelar siminti ya ce hanyarsa ta bi ta unguwarmu, shi ne na ce bari yau in yi hira da matata ba shaidu.

Aikin masana'antar tayil ɗin nan ya zo ƙarshe. An ɗora rufi, an ja wuta, saura masu fenti da masu shara. Kowace safiya sai ka ga layin karɓar shayi ya ƙara gajarta, ka san an sallami wasu. A da idan muka gama gini a yankin nan, kafin mu naɗe igiya an kira mu wani a bayan katanga. Yanzu shiru. Na tambayi Yaya, tunda shi ne a sama, ko yana hango wata ƙugiyar ɗaga kaya a tsaye a duk faɗin wurin nan, ya ce ko ɗaya. Magina sun ce aiki ya koma bakin teku, can ake gina manyan sito na ajiye kayan jirgi. Masu walda sun ce a'a, yankin duwatsu ne, inda aka tono ma'adini. Kowa da inda ya jiyo. Namu yankin kuwa kin fi ni sani, masaƙar da ni da Yaya muka ɗora wa rufi muna da baƙin gashi, yanzu awaki ke kwana a ciki.

Wallahi na gaji da bin aiki gari gari. Ina so in kwana a ɗakin da ruwan sama ba ya buga mini ganga a ka. Amma foman ya ce kamfani ya samu kwangila a bakin teku, kuma da mu za a tafi, ni da Yaya, domin ba a raba mu.

Kin sha tsokanata cewa aikina bai wuce na ɗan sandan kan titi ba, Yaya na aiki ni ina rawa da hannu. Ki ci gaba da faɗa. Shi yana can sama cikin ɗan akurkinsa na gilashi, kaya na ƙasa, mutane na ƙasa, kuma abin da hannuna ya ce shi yake yi. In na ɗaga yatsa ina juyawa, ya ɗaga. In na nuna ƙasa, ya sauke. In na baza hannu biyu, ya tsaya cak. Shi ya sa duk inda muka je ba mai kiranmu da suna, sai Na-Sama da Na-Ƙasa. Kwanan nan ma har ya fi da ƙwarewa, kafin in gama ɗaga hannu ya riga ya juya. Foman ya ce bai taɓa ganin irinmu ba, na ji daɗi har na ƙi nunawa.

Sai dai tsufa ya fara zuwa wa yayanki da rigima. Ya sa na jefar da safar hannuna mai ruwan toka, wai ta yi datti tana ɓata masa rai, dole sai fara. Shekaranjiya kuma ya zuba shayi rabi a kofi rabi a kan takalmina, ya kafe wai ni na matsar da kofin. Ban musa ba, suruki ne kuma oga.

Ki gaishe mini da Inna, ki shafa kan yara. Ki ce wa autarmu ban manta da alkawarin jakar makaranta ba.

Naki har kullum,
Na-Ƙasa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Mun iso bakin teku, mun zauna, amma ba zan ce miki hankalina a kwance yake ba. Ki karanta wannan ke kaɗai, ki ajiye ta inda Inna ba za ta sa yara su karanta mata ba.

Nan wata duniya ce. Duk ƙugiyoyin da muka rasa a can, ashe nan suka taru. Ko'ina ka duba sito ake yi, wani na bin wani, kuma ba gini ba ne irin wanda muka sani. Ƙarfen daga jirgi yake zuwa a yanke, a huje, da lambarsa a jiki, sai dai a ɗaga a ɗaure da noti. Masu walda da suka biyo mu da ƙarfin gwiwa suna zaune a inuwa, rabinsu sun juya gida. Komai sauri ake yi. Injiniyan ba ya tafiya sai da gudu-gudu, kuma ko gaisuwa ba ta kama shi. Iska mai danshi ce, riga ba ta bushewa, makullin ƙofa ma ya yi tsatsa. Ga cunkoso. A wurin tayil in na ɗaga kaya, fili ne a ƙarƙashi. A nan mutane ne, masu ɗaurin noti, masu tura baro, mata masu kawo ruwa.

Makon jiya wani dogon ƙarfe ya goga jikin katakon da masu rufi ke takawa. Ba wanda ya faɗo, Allah ya tsare, amma wani ya rungume ginshiƙi yana salati. Na san na baza hannu kafin ƙarfen ya isa wurin. Foman ya zo ya wanke ni tas a gaban jama'a, wai hannuna ya yi nauyi, ina gyangyaɗi a tsaye. Na haɗiye. Da Yaya ya sauko sai ya miƙo mini rabin burodinsa, abin da bai saba ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na tuna farar safa, na tuna shayin. Washegari da safe sai na yi abin da ban taɓa yi ba tunda na fara aikin nan. Kin san kullum da fanko muke farawa, ba kaya, ya juyo da ƙugiya daga inda ta kwana zuwa kan tirela, ya sauko da maƙalin da ake rataya kaya in kama. Na tabbatar ba kowa a kusa, na tsaya inda na saba tsayawa, na zuba hannuwana biyu a aljihu.

Ƙugiya ta tashi. Ta juyo a hankali, ta tsaya a kan tirela daidai, maƙali ya fara saukowa. Har ɗan jinkirin nan da nake yi in duba igiya, ya yi shi. Ni kuwa ko yatsa ban motsa ba. Sai na zaro hannuwana, na baza su iya ƙarfina, alamar tsayawa, wadda ko yaron da ya zo aiki jiya ya sani. Maƙali ya ci gaba da saukowa har ya zauna a kan ƙarfe.

Uwar 'ya'yana, Yaya ba ya ganin hannuna. Yana ganin tirela, yana ganin gini, manyan abubuwa dai. Sauran duk da ka yake yi. Shekarun da muka yi tare sun sa ya haddace ni, ya san lokacin da zan ce juya da lokacin da zan ce sauke, shi ne yake riga ni. Abin da foman ke yabo ke nan, abin da ni ma nake taƙama da shi. Ban san tun yaushe ba ne, kuma ban san mutum nawa ne suka bi ta ƙarƙashin kayanmu ni ina rawa da hannu ga wanda ba ya kallo.

Ban yi masa magana ba tukuna. Na rasa ta inda zan fara. Ke ce ƙanwarsa, kin san halinsa tun kafin in san shi. Ki rubuto mini, direban zai dawo ta nan.

Mijinki,
Na-Ƙasa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na karanta har takardar ta yi laushi. Na ji daɗi yara sun ci jarrabawa, Allah ya ƙara basira. Ki ce wa Inna ta daina zuwa kasuwa da ƙafar nan, ga yara gida.

Kin ce in rufa masa asiri har a gama wannan ginin, in ya so ya ajiye aiki da kansa da mutuncinsa. Kin tuna mini shi ya ɗauko ni ina lebura ya koya mini hannu, shi ya tsaya mini har aka ba ni ke. Ba sai kin tuna mini ba, da wannan nake kwana nake tashi. Amma ba ki tsaya inda nake tsayawa ba, kuma ba na so ki tsaya.

Na yi masa magana da yamma a bakin famfo, muna wanki. Da farko ya taso mini kamar zai dake ni da rigar da ke hannunsa. Ya ce so nake in ci gadonsa yana raye. Na bar shi ya gama. Can sai ya zauna a kan bokiti, ya ce tun muna wurin tayil abin ya fara, dishi-dishi, ya ɗauka gilashin akurkin ne ya yi datti, har ya riƙa faɗa da mai goge shi. Na ce mu je asibiti. Ya ce likitan kamfani in ya leƙa idonsa sau ɗaya, shi ke nan. Ya ce tun yana saurayi yake sama, in ya sauko ƙasa wa ya san shi, me zai yi, gadi? Sannan ya kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunsa ya ce, “Kai ne idona, ka riƙe ni har mu gama.” Ban taɓa jin Yaya ya roƙi wani ba. Na ce to.

Sai muka koma oba-oba, 'yar rediyon nan ta hannu da ake magana da ita. Ina ba da hannu don masu kallo, ina kuma faɗa masa da baki, hagu kaɗan, sauke, tsaya. Layi ɗaya ne duk wurin, kowa na ji, har an fara ce mini mai gabatar da shiri, wasu na cewa in gaishe musu da gida. Ina dariya tare da su. In na dawo ɗaki muryata ta dishe, wuyana ya ƙage, abinci ba ya shiga. Shi kuwa ya samu nutsuwa, har waƙa yake yi wajen aske gemu.

Ranar da ta karya ni ita ce shekaranjiya. Muna da ƙarfe a sama, yana tafiya ta kan masu ɗaurin noti, sai oba-oba ta yi ƙara ta ɗauke. Iskar teku na yi mata haka. Ban fi numfashi biyu ba ina dukanta da tafin hannu ta dawo, na ce tsaya, ya tsaya. Ba wanda ya lura. Mutumin da ke ƙarƙashi ma bai ɗaga kai ba, yana ta ɗaurinsa, hular kwanonsa a karkace. Na san shi, matarsa ta haihu kwanan nan, ya raba mana alewa.

Kuma maganar “har mu gama” ba ta da ƙarshe. Sito sun fara isar masu su, an ce kwangila ta ja baya a nan, yanzu kowa yankin duwatsu yake hari. Masana'antar tace ma'adini za a yi, da tukwanen ƙarfe waɗanda ɗaya ya fi tirela nauyi, ga iska a kan tudu. Kamfani ya ce wanda zai je ya ba da suna. Jiya na ji daga bakin foman cewa Yaya ya ba da namu, nasa da nawa, bai ko tambaye ni ba.

Na gaji, uwar 'ya'yana. Ba gajiyar jiki ba, wannan na saba da ita. Ki yi mini addu'a, ki kuma yi haƙuri da duk abin da za ki ji.

Mijinki,
Na-Ƙasa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, ba wanda ya ji ciwo, ki fara riƙe wannan. Wasiƙar za ta riga mu isowa da kaɗan, domin muna tafe gida, ni da Yaya. Gara ki ji daga gare ni.

Na faɗa masa da safe, muna ɗaura takalmi, cewa na daina ba shi hannu, kuma ba zan je duwatsu ba. Na ce ya je ya ce wa injiniya bayansa ke ciwo, ko hawan ya fi ƙarfinsa, duk abin da ya ga dama, ni zan tsaya masa shaida. Ya yi tsaki ya ɗauki hularsa. Ya ɗauka barazana ce, in ya hau dole in bi.

Ya hau. Ni kuma na nemi bulo na zauna. A tunanina in babu ni babu aiki, dole ya sauko a rufe maganar a tsakaninmu. Nan na yi wauta. Na manta a nan masu ba da hannu sun yi yawa, ƙugiyoyi da dama an kwance su. Foman ya zage ni, ya juya, kafin ka ce me ya dawo da wani da ake kira Dogo. Mutumin kirki ne, ya iya aiki, amma da hannu kawai yake yi, ba ya riƙe oba-oba, kuma Yaya bai taɓa aiki da shi ba. Bai san saurinsa ba, bai san jinkirinsa ba.

Kayan ranar babban ƙarfen rufi ne. Mutane na kan ginshiƙai hagu da dama suna jiran su karɓa. Na ce a raina Yaya ba zai tayar ba, ya san ba ni ba ne. Sai na ji inji ya tashi. Na ga igiya ta miƙe, ƙarfen ya fara rabuwa da tirela.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Oba-oba na hannuna, na san duk wurin na ji, foman, injiniya, masu rufi, har mai gadin ƙofa. Na ce, “Yaya, wane hannu Dogo ya ɗaga?”

Dogo na tsaye da hannun dama a sama. Kowa ya juya yana kallonsa, sannan aka ɗaga kai ana kallon akurkin. Oba-oba sai shuu take yi. Na jira ya ce dama ko hagu, ko da cinta ne, kuma wallahi ban san abin da zan yi ba in ya cinta daidai. Ƙarfen ya koma ya zauna a kan tirela a hankali, ko ƙara bai yi ba. Sai inji ya mutu.

Tsanin nan yana da tsawo, kuma duk wurin aka tsaya ana kallonsa yana saukowa. Ba wanda ya yi dariya. Da ya taka ƙasa ya wuce ta gabana kamar ba ni a wurin. Na tozarta shi a gaban mutanen da suke miƙewa in ya shigo, na sani. Na duba ko akwai wata hanya a lokacin, ban gani ba, har yanzu ina dubawa.

Likita ya duba shi, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ana iya aiki a cire, wataƙila ya ga abin da zai gani na zaman gida. Aikin ƙugiya dai ya ƙare masa. Injiniya ya ce ni in bi su duwatsu a haɗa ni da wani direban. Na ce a'a. Hannuna bai san kowa ba sai mutum ɗaya, kuma ba ni da ƙarfin koyon wani. Motocin kamfani sun fara wucewa da kaya, kwantenarmu ma an ce gobe za a ɗora ta.

Tun ranar bai yi mini magana ba. Muna ɗaki ɗaya, in na ajiye masa abinci ya ci, in na yi sallama ya amsa a ciki. Ɗazu muka je tasha neman mota, wajen tsallaka titi na ji hannunsa a kafaɗata. Da muka tsallaka ya ɗauke. Wannan ne kawai.

Idan kina fushi da ni, kina da gaskiya, ki ajiye shi har mu shiga gida, zan zauna in saurara. Inna ki bar ni da ita, ni zan faɗa mata. Abu ɗaya nake roƙonki. Na san za ki zo tasha da yara, nasa da namu. Ki matso har bakin mota, ki riga shi sallama, ki ɗaga murya kaɗan. Duk yaron da ya zo gaishe shi ki ambaci sunansa kamar hira kike yi, don kada ya kira ɗansa da sunan ɗan wani. Kada ku tsaya daga nesa kuna ɗaga masa hannu. Zai wuce ku, kuma zai sani daga baya.

Ki gaida Inna da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Na-Ƙasa